Shirin Intabiyun Warware Matsala, Daga Bakin Ƙofar Marusa

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai da matasan ma'aikata a Ƙofar Marusa, birnin Katsina, lokacin hutun ƙarshen zango



An nemi mu yi magana a kan wani irin intabiyu wanda kamfanonin ba da shawara kan gudanarwa suke yi wa masu neman aiki, watau wanda ake ɗora wa mutum matsalar wani kamfani ko wata hukuma, a ce ya warware ta nan take da baki, cikin minti 30 zuwa 45, ba littafi, ba na'urar lissafi, daga shi sai alƙalami da farar takarda. Mun karɓi wannan gayyata da hanzari, domin mun ga samari da 'yan mata masu digiri mai daraja ta ɗaya sun shiga wannan ɗaki sun fito jiki a sanyaye, alhali kuwa ba ilmi suka rasa ba. Mu kanmu da ke tsaye gabanku mun sha wannan kaye a karonmu na farko, a wani ofis da ba sai mun ambaci sunansa ba. Aka tambaye mu buhun siminti nawa gari kamar Katsina yake ci a shekara. Muka yi shiru muna laluben shafin da muka taɓa karanta amsar, har mai tambaya ya duba agogonsa.

Bari mu fara da asalin abin a taƙaice. A shekarar 1926 wani malamin lissafin kuɗi a Jami'ar Chicago, James McKinsey, ya kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunansa. Boston Consulting Group ya biyo baya a 1963, Bain kuma a 1973. Sana'arsu ita ce a kira su idan kamfani ko gwamnati ta shiga ruɗani, su bincika, su ba da shawara, a biya su. Ma'aikatansu da yawa daga makarantun kasuwanci na Amurka suka fito, musamman ta Harvard, inda tun shekarun 1920 ake koyarwa ta hanyar ba ɗalibi labarin wani kamfani na gaske a ce masa: in kai ne manaja, me za ka yi? Daga ajin nan ne al'adar ta sauka cikin ɗakin intabiyu. McKinsey ya buɗe ofis a Legas a 2010, Boston Consulting Group a 2016, ga kuma KPMG da PwC da Deloitte da EY waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, suna da sassan ba da shawara. Yau har bankuna da ƙungiyoyin raya ƙasa sun ari wannan salo wajen ɗaukar ma'aikata.

To, me mai tambaya yake nema? Lalle ba amsar da ya ɓoye a aljihu yake jira ka cinka ba. So yake ya ga yadda kanka yake aiki sa'ad da aka jefa ka cikin abin da ba ka sani ba: ko za ka iya tsaga babbar matsala gida-gida, ka san wane gida ne ya fi nauyi, ka yi lissafi ba tare da hannunka ya yi rawa ba, sa'an nan ka faɗi shawara wadda za a iya aiki da ita ran Litinin da safe. A nan ne tarbiyyar karatunmu take ba mu ciwon kai. Tun daga firamare har jami'a an saba mana da cewa kowace tambaya tana da amsa guda, tana cikin takardar malam, aikin ɗalibi kuwa ya haddace ya mayar. Ba mu raina hadda ba, ita ce ta tsare mana ilmi mai yawa. Amma wanda bai san kome ba sai ita, ranar da aka yi masa tambayar da ba a taɓa rubuta amsarta ba, sai ya tsaya cik.

Abin da ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne, wannan irin tunani ba baƙo ba ne a garin nan. Katsina ta yi ƙarnuka tana sauke ayarin fatake daga hamada, kuma madugun da zai ƙiyasta guzurin raƙuma da mutane na tafiyar wata biyu, ya ware na asara, ya san farashin da in ya sayar ƙasa da shi ya faɗi, ba abin da mashawarcin Legas zai koya masa sai zanen allo. Ku fita nan bakin ƙofa ku zauna wurin mai shayi. Ya san burodi nawa zai karɓa ran Juma'a da nawa ran Talata, ya san abin da sanyin hunturu yake ƙara masa na ciniki da abin da azumi yake sauya masa. Ba ya rubutawa, ba ya kuma bayyana wa kowa matakan da ya bi. Aikinku shi ne ku yi abin da yake yi, amma a fili, da murya, bisa tsari, cikin Turanci.

Mu gwada ɗaya tare. Mai tambaya ya ce: masu ga-ruwa nawa ne suke aiki a unguwa kamar Ƙofar Marusa? Kada wanda ya ce bai sani ba ya yi shiru, domin shi ma mai tambayar bai sani ba. Sai ka ce: ranka ya daɗe, zan fara daga yawan ruwan da ake bukata, in cire wanda ba saye ake yi ba, in raba saura da abin da mutum ɗaya yake iya kaiwa. Lambobin da za mu kawo yanzu na ƙaddarawa ne, ba ƙidaya muka yi ba, kuma haka za ka gaya masa. Mu ƙaddara gida 2,000, kowane gida mutum 10, mutum 20,000 ke nan. Mu ba kowa lita 20 a yini, wanda shi ne ƙaramin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ambata na sha da girki da ɗan tsabta. Lita 400,000. Mu ce rabin gidajen suna da rijiya ko burtsatse ko famfon da yake kawo ruwa, saura lita 200,000 ta saye. Jarka tana cin lita 25, jarka 8,000 ke nan. Kura tana ɗaukar 10, sawu 800. In mutum ɗaya yana sawu 8 a yini, mun sami masu ga-ruwa 100.

Kada ka tsaya nan, domin a nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Ka juya ka auna amsar da hankali: gida 1,000 masu saye, mutum 100 masu kaiwa, watau kowane mai ruwa yana da gida 10. Wannan ya yi kama da abin da ido yake gani? Ya yi kusa. Da lissafin ya ba ka 5,000, da ka san ka tuntsure wani wuri. Sa'an nan ka nuna masa lambar da ta fi rauni, ka ce: rabin nan da na ƙaddara shi ne abin shakka, domin da bazara rijiyoyi suna ja baya, kuma ranar da ruwan Ajiwa bai iso ba lissafin yana iya ninkawa. Masanin kimiyyar nan Enrico Fermi, wanda ya sami kyautar Nobel a 1938, da irin wannan yake horar da ɗalibansa a Chicago, yana sa su ƙiyasta yawan masu gyaran piyano a birnin. Mu da ba mu da piyano muna da kura da jarka, kuma darasin ɗaya ne.

Nau'i na biyu, wanda ya fi yawan fitowa, shi ne na riba. Za a ce maka: wani gidan burodi ribarsa ta zube cikin shekara guda, mai shi yana neman shawara. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya yi wuf ya ce ai tsadar fulawa ce. Mai yiwuwa ita ce, tun da yawancin alkamar da muke ci daga waje take zuwa, kuma kowa ya san abin da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan Yuni na shekarar suka yi wa farashi. Amma wanda ya yi tsalle ya dira kan amsa, ko da ya dace, bai nuna kome ba sai sa'a. Riba dai ita ce abin da ya shigo a debe abin da ya fita. Abin da ya shigo kuwa farashi ne sau yawan abin da aka sayar. Abin da ya fita iri biyu ne: wanda yake tashi da sauka tare da yawan burodi, kamar fulawa da sukari da yis da leda, da wanda yake nan daram ko an gasa ko ba a gasa ba, kamar haya da albashin mai gadi. Ka zana wannan a takarda kamar bishiya mai rassa, ka juya takardar ya gani, sa'an nan ka bi rassan ɗaya bayan ɗaya da tambaya.

Mu sa lambobi na misali. Burodi 500 a yini, kowane naira 1,000, ciniki naira 500,000. Kayan haɗi naira 700 kowane ɗaya, 350,000. Kuɗin da ba su motsi 100,000. Riba 50,000. Yanzu kayan haɗi su tashi da kashi 10 cikin 100 kawai, su koma 770. Sun zama 385,000, riba ta koma 15,000. Ku duba da kyau: ƙarin kashi 10 a kaya ya cinye kashi 70 na riba. Da can yana bukatar sayar da burodi 334 kafin ya fita daga asara, yanzu sai ya sayar da 435. Wanda ya iya fitar da wannan cikin minti biyu, ya kuma faɗi ma'anarsa, ya riga ya wuce rabin 'yan layi. Amma mai tambaya yakan ɓoye wani abu a reshen da ba a zata ba. Sai ka tambaya: duk 500 ɗin ake sayarwa, ko akwai wanda masu shayi suke maidowa in ya kwana? Sai ka ji ya ce, af, kwanan nan ana maido 60 kullum, tun da wani sabon gidan burodi ya buɗe. Ashe ciwon ba a fulawa kaɗai yake ba. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma a wannan ɗaki tambaya mai kyau maki ce.

Wata mata, Barbara Minto, wadda ta shiga McKinsey a 1963, ita ce ta tsara ƙa'idar da suke bi wajen wannan tsagawa: rassan kada su hau kan juna, kuma in an haɗa su kada a bar kome a waje. Ita ce kuma ta dage a kan cewa a fara da amsa, dalilai su biyo baya. Wannan na biyun yana yi mana wuya ƙwarai, kuma dalilin abin alfahari ne. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya shiga gaban babba da hukunci. Sai ya yi gaisuwa, ya yi shimfiɗa, ya kewaya, ya bar babba ya cinko abin da yake nufi. A zauren mahaifinka wannan ladabi ne, kada ka bari. Amma in mai tambaya ya ce shugaban kamfani ya shigo, yana da minti ɗaya, me za ka gaya masa, to jimlarka ta farko ita ce shawarar: a rage gashi zuwa abin da ake sayarwa, a sake yarjejeniya da masu shayi, a jinkirta ƙarin farashi. Dalili biyu ko uku su biyo, kana haɗarin da ke ciki, kana abin da za a fara yi gobe. Haka nan in mai tambaya ya ce lissafinka kuskure ne, alhali ka tabbata daidai ne, kada kunya ta sa ka janye. Sau da yawa gwada ka yake yi. Ka sake bin lissafin a gabansa cikin natsuwa. In kai ne ka yi kuskure ka ce na yi kuskure, ka gyara, ka wuce, ba tare da dogon ban haƙuri ba. 'Yan'uwanmu mata, wannan ya fi shafarku, domin ku aka fi hora da sunkuyar da kai da sassauta murya. Ba wanda ya ce ku bar kamun kai, amma lambar da kuka lissafa sai an ji ta a ƙarshen tebur.

Yanzu bari mu ɗauko matsala ta gaske, wadda take nan garinmu, kowa ya san ginin. A farkon shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta gina masana'antun mulmula ƙarfe uku a cikin ƙasa, a Jos da Oshogbo da Katsina, kowace an tsara ta fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Ba a tsara su don su narka tama ba. Curin ƙarfen da za su mulmula daga kamfanin ƙarfe na Delta da ke Aladja kusa da Warri zai zo, wanda aka buɗe a 1982. Ku ɗauka an ba ku wannan a intabiyu, an ce shekarar 1979 ce, gwamnati tana tambaya ko ta gina ta Katsina. Wace tambaya za ku fara yi?

Mu dai ga tamu: ta yaya curin zai iso? Tsakanin Aladja da Katsina ya haura kilomita 1,000, kuma dogo bai ratsa birnin Katsina ba, ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ɗaya reshen ya bi ta Kano zuwa Nguru. Saura mota ke nan. In tirela tana ɗaukar tan 30, tan 210,000 yana bukatar tirela 7,000 a shekara, watau kusan 20 kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi, ba damina ba rani. Lissafin minti ɗaya ne, amma ya buɗe ƙofar sauran tambayoyin: nawa dakon zai ƙara a kan kowane tan, kuma rodin zai iya gasa da na waje bayan haka? In Aladja ta yi tari, wa zai ba Katsina curi? Lantarki fa? Tarihi ya amsa wasu daga ciki, domin Aladja ba ta taɓa kai tan miliyan ɗaya da aka tsara mata ba, masana'antun uku suka yi ta zaman jiran kaya, har aka sayar da su ga 'yan kasuwa a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo. Sai a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta Katsina.

Amma a yi hattara. Wanda ya tsaya a cewa aikin banza ne, shi ma bai ci intabiyun ba. Waɗanda suka yanke shawarar suna da hujjojinsu: a kai masana'antu kowane sashe na ƙasa, a kusanto da rodi ga masu gini a Arewa, a sama wa matasa aiki da sana'a. Mashawarci na ƙwarai yakan ce wa gwamnati: ga abin da wannan buri zai ci a kowace shekara, ga sharuɗɗa uku da in ba su cika ba ba zai tsaya da ƙafarsa ba, zaɓi naku ne. Sauƙin hukunci bayan shekara 40 kada ya ruɗe mu.

Wannan ya kawo mu gare ku, matasan ma'aikata, waɗanda wataƙila kuna cewa ku kam kun riga kun sami aiki. Ku ne za ku zauna a ɗaya gefen teburin. Tun Hukumar Udoji, wadda ta yi aiki daga 1972 zuwa 1974, ake kiran ma'aikatan gwamnati su koyi gudanarwa mai auna sakamako. Jama'a suka riƙe ƙarin albashin da bashin da aka biya, suka manta da sauran rahoton. Yau ma'aikatu suna biyan mashawarta kuɗi masu nauyi, a kawo rahoto mai launi, a yi tafi, a sa a kabad. In ba wanda zai iya buɗe shafi na 12 ya ce wannan lambar daga ina ta fito, to an sayi takarda ne kawai. Kuma kada sunan kamfani ya tsorata ku. McKinsey ɗin nan da kansa ya amince a 2021 zai biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarar da ya ba masu sayar da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye, ya kuma mayar wa kamfanin lantarki na Afirka ta Kudu, Eskom, kuɗin wani aiki a 2018. Masu kaifin kai ne, amma ba ma'asumai ba ne, kuma wanda zai shiga cikinsu ya shiga da idonsa biyu.

Saura yadda za a yi shirin. Littattafai da bidiyo suna nan a intanet, ku duba biyu ko uku don ku ga siffar abin, amma muna gargaɗinku da haddace jadawalan da ke cikinsu. Masu tambaya sun gaji da ɗan takarar da ko an tambaye shi batun asibiti, ko na jirgin sama, jadawali ɗaya zai zazzage. Wannan haddar ce dai ta sake shigowa ta taga. Abin da yake aiki shi ne abokin gwaji. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai tambaya da agogo a hannu, ɗaya ya amsa da murya, cikin Turanci tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ku sauya. Mai tambaya kada ya ji tausayi, kuma bayan an gama ya faɗi gaskiya: a nan ka ɓace, a nan ka yi minti uku ba ka ce kome ba. Sau uku a mako na wata biyu ya fi karatun dare goma a jere. Lissafin ka kuma kullum, minti 10: kashi cikin ɗari, ninkawa da rabawa da manyan lambobi, domin sifili ɗaya da ya ɓace tsakanin miliyan da biliyan ya kayar da mutane da yawa. Ku riƙa karanta shafin kasuwanci na jarida, ku san kimanin yawan mutanen Nijeriya da na jiharku da na garinku. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katsina mutum sama da 300,000, kuma daga nan kuna iya ƙiyasta na yau.

Akwai kuma ɓangaren da ake tambayarka labarin kanka: wane lokaci ka jagoranci mutane, wane lokaci ka shawo kan wanda ya ƙi ra'ayinka. Kada ku raina abin da kuke da shi. Wadda ta riƙe asusun adashin ɗakin kwanan ɗalibai shekara biyu ba a rasa ko kwabo ba, da wanda ya sasanta rikicin ƙungiyar ɗaliban garinsu, suna da labarin da ya fi na wanda ya kwafo daga littafi. Sai dai a wannan wuri dole ka ce ni na yi, ka bar mu muka yi, ko da bakinka zai yi nauyi.

Kafin zama na gaba, ga aikin da muka ba ku. Kowane mutum biyu su tsaya bakin Ƙofar Marusa na minti 15 da safe, da kuma minti 15 bayan la'asar, su ƙirga Keke Napep da suka wuce. Daga nan ku ƙiyasta nawa suke wucewa a yini, lita nawa ta fetur suke sha, da abin da yake saura a hannun direba bayan ya ba mai keke balas. Kafin ku je ku rubuta ƙiyasinku a takarda ku ninke, in kun dawo ku tambayi direba ɗaya ku gwada da abin da kuka rubuta. Ku zo da takardun biyu.